BIRNIN GWARI: BASHIN DA MU AKE BIYA, TO INA KASONMU NA AIKIN?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk inda aka ambaci Birnin Gwari a ƙasar nan, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne daji da bindiga da satar mutane. Da wuya ka ji wani ya kawo zancen fayil, ko takardar umarni, ko kasafin kuɗi. Alhali kuwa duk wanda ya zauna ya yi nazari zai tarar cewa yawancin wahalhalun da talakan wannan yanki ya sha, akwai wata takarda a bayansu wadda wani ya sa wa hannu a wani ofis a Kaduna, ko kuma wadda ya kamata a sa wa hannu aka bar ta cikin durowa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To mu 'yan'uwa mun daɗe muna kallon ƙadangaren, lokaci ya yi da za mu juyo mu dubi bangon, mu tambayi wa aka ba kuɗin gyaransa.

Da farko dai a sani, wannan magana ba ta wata jam'iyya ba ce. A watan Oktoba na 2012, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa Dogon Dawa da asuba suka kashe mutane wajen ashirin, PDP ce ke mulkin Kaduna. A watan Mayu na 2018, lokacin da aka kashe mutane fiye da arba'in a Gwaska, APC ce ke kai. Tuta ta sauya, hoton da ke rataye a bangon sakatariya ya sauya, amma makoki bai sauya gida ba. Saboda haka wanda ke neman a zagi wane a yabi wane, ya nemi wani shafin. Abin da muke so mu duba shi ne yadda ake yanke shawara, da yadda ake kashe dukiyar jama'a, da kuma inda Birnin Gwari take faɗawa a cikin lissafin.

DAJIN DA AKA BARI BA MAI SHI

Dajin Kamuku ba jiya aka san da shi ba. Tun 1936, zamanin En'e, aka keɓe shi a matsayin gandun daji, sannan a 1999 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, ga iyakar Neja ga ta Katsina duk a kusa. Idan ka tambayi jiha ta ce dajin na tarayya ne. Idan ka tambaye ta batun babbar hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda ta zarce Tegina, ta ce ita ma ta tarayya ce. Soja da 'yan sanda ma na tarayya ne. Duk wannan gaskiya ne a takarda, ba mu musa ba.

Amma makarantar firamare ta wa ce? Asibitin sha-ka-tafi na ƙauye na wa ne? Hanyar da ta tashi daga Kuyello ta shiga ƙauyuka, da kwalbatin da ruwa ya cinye a yankin Randagi ko Kakangi, na wa ne? Waɗannan duk suna wuyan jiha da ƙaramar hukuma. Kuma su ne ainihin abin da ke sa mutumin ƙauye ya san cewa akwai hukuma a kansa. Ƙauyen da ba malami, ba malamin asibiti, ba malamin gona, ba hanyar da mota za ta bi da damina, wannan ƙauye hukuma ce ta fara ficewa daga cikinsa kafin ɗan bindiga ya shigo. Da ya shigo kuwa ya tarar da fili, sai ya zama shi ne mai yanka haraji kafin a yi noma, shi ne mai ba da izinin girbi, shi ne alƙali.

Bayan kisan Gwaska ne Shugaba Buhari ya amince da a kafa bataliyar soja a yankin, aka kuma ɗaga matsayin rundunar 'yan sandan Birnin Gwari. Ka ji fa, sai da jini ya kwarara tukuna. Wannan ita ce al'adar mahukuntanmu, ba su fafe gora sai ranar tafiya.

SHAWARWARI UKU DA AKA YANKE DAGA NESA

Bari mu ɗauki misalai uku na abin da ake kira aikin ofis na yau da kullum, mu ga yadda suka sauka a kan talaka.

Na farko, a 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rage yawan gundumomin hakimai a jihar daga 390 zuwa 77, aka sauke hakimai 313 da dagatai fiye da 4,000. Hujjar gwamnati ita ce albashinsu ya yi wa ƙananan hukumomi nauyi. Mai yiwuwa a cikin garin Kaduna, inda ofishin 'yan sanda ke kowace unguwa, ba a ji zafin wannan ba. Amma a ƙasar da za ka yi tafiyar sa'o'i a kan babur ba ka ga ɗan sanda ko ɗaya ba, dagaci shi ne idon hukuma kuma shi ne kunnenta. Shi ya san baƙon da ya kwana a gari, shi ya san rugar da ta tashi da wadda ta sauka. An yi lissafin albashin da za a tsimin, amma wa ya yi lissafin labarin da zai daina isa Kaduna? An auna Birnin Gwari da mudun Tudun Wada, alhali ba hatsi ɗaya ba ne.

Na biyu, a wannan shekarar dai ta 2017 aka yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su, aka yi alkawarin ɗaukar sababbi 25,000. Babu mai hankalin da zai goyi bayan a bar jahili yana koyar da yara. Sai dai akwai tambayar da ta shafe mu kai tsaye: malamin da aka sallama ɗan garin ne, yana kwana a nan, yana noma a nan. Wanda aka ɗauko daga birni aka ba shi takardar kama aiki a bakin daji, a daidai lokacin da ake tare hanya ana kwashe matafiya, zai zauna? Da aka tsara wannan shiri, an ware wani alawus na musamman ga mai koyarwa a wuri mai haɗari? An yi tanadin horar da 'ya'yan yankin don su riƙe makarantun garinsu? Yaron da ya tashi ba aji ba allo, ga babur ga bindiga ga kuɗi a hannun tsaransa, kowa ya san inda zuciyarsa za ta karkata.

Na uku, a ƙarshen damina ta 2021 gwamnati ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana safarar dabbobi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana sare itace da yin gawayi, ta hana hawa babur. Ranar 30 ga Satumba aka katse layukan waya, ba a dawo da su ba sai ƙarshen Nuwamba. An ce jami'an tsaro ne suka nemi hakan don a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da mai da labari. To mun ji. Amma ɗan acaɓa da abincin gidansa ke kan babur ɗin, da mai kai hatsi kasuwa, da mai sayar da katin waya, da matar da naƙuda ta kama da dare ba abin hawa ba hanyar kira, wace takarda ce ta yi maganarsu? Hukumar da ta rufe wa mutum hanyar cin abinci don maslahar jama'a, wajibinta ne ta tanadar masa abin da zai riƙe kansa.

Kuma me aka samu? Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida da jihar ta kafa a 2019, a ƙarƙashin Kwamishina Samuel Aruwan, ita da kanta ta riƙa fitar da alƙaluma. A 2020 ta ce an kashe mutum 937 an sace 1,972 a faɗin jihar. A 2021 an kashe 1,192 an sace 3,348. A 2022, wato shekarar da ta biyo bayan waɗancan matakai, an kashe 1,052 an sace 4,227. Mun yaba da cewa an fito an faɗi adadin, domin jihohi da yawa ko wannan ba su yi ba. Amma adadin da kansa shaida ne cewa talaka ya sha ɗacin magani, cutar kuwa tana nan.

INA KUƊIN SUKA TAFI?

A cikin waɗannan shekaru jihar Kaduna ba zaman banza ta yi ba. A 2019 aka ƙaddamar da shirin sabunta birane, aka yi gadar sama ta Kawo, aka faɗaɗa tituna, aka sa fitilu, a Kaduna da Zariya da Kafanchan. Duk wanda ya shiga garin Kaduna ya gani da idonsa, kuma ba mu yi wa 'yan'uwanmu na birni hassada ba. An kuma ci bashi mai yawa. Sananne daga ciki shi ne rancen Dala miliyan 350 na Bankin Duniya, wanda Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da shi a watan Maris na 2018, daga baya kuma jihar ta samu.

A ƙarshen watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya tara jama'a a Kaduna ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji bashin Dala miliyan 587, da Naira biliyan 85, da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. Ya ce daga cikin Naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a wannan wata, an zare biliyan 7 don biyan bashi, alhali albashin ma'aikata kaɗai biliyan 5.2 ne.

Ya kai ɗan'uwa, tsaya ka yi wannan lissafi da kanka. Bashin Dala da Dala ake biyansa. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya a farashin gwamnati wajen Naira 460 take, wato Dala miliyan 587 ta kama kimanin Naira biliyan 270. Da aka saki Naira ta faɗi har Dala ta kai wajen 1,500 a 2024, wannan bashi ɗaya tilo, ba tare da an ƙara cin ko sisi ba, ya koma kimanin Naira biliyan 880. Kasafin kuɗin jihar gaba ɗaya na 2024 kuwa Naira biliyan 458 ne. Ka ga ke nan bashin ya kusa ninka abin da jihar ta tsara kashewa a shekara guda.

Abin lura a nan shi ne yadda ake biya. Tun daga Abuja ake zare kuɗin kafin ya iso Kaduna. Mai zarewa ba ya tambaya wa ke bin gadar Kawo wa bai taɓa ganinta ba. Manomin Tabanni da makiyayin Damari da marayan Gwaska duk an ɗauki kasonsu an biya. Suna biya ne ta hanyar maganin da babu a asibiti, da rufin ajin da iska ta yaye ba a mayar ba, da takin da bai iso ba sai bayan an yi huɗa. Wajen biyan bashi an yi mana adalci an raba daidai, wajen raba aiki ne aka manta da hanyar garinmu.

A watan Yuni na 2024 Majalisar Dokokin jihar ta karɓi rahoton wani kwamiti nata, inda aka yi zargin cewa Naira biliyan 423 sun salwanta a zamanin gwamnatin da ta gabata. Tsohon gwamnan ya musanta, ya kuma garzaya kotu. Mu ba alƙalai ba ne, ba za mu yanke wa kowa hukunci a shafin jarida ba. Amma muna da tambaya ga ita majalisar: ashe ba ita ce ke amincewa da kasafi duk shekara ba? Ashe ba sai da yardarta ake cin bashi ba? Birnin Gwari tana da kujeru biyu a wannan zaure, Magajin Gari da Kakangi. Me ya sa binciken majalisa ba ya farkawa sai gwamna ya sauka, ko sai manya sun ɓata a tsakaninsu? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ɗan majalisa shi ne ya sa ido tun kuɗin suna hannu.

SULHU YA BUƊE KASUWA, SAURA ME?

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da aka ce sun tuba, ya kuma buɗe kasuwar Kara wadda ta yi shekaru wajen goma a rufe. Mutanen da suka binne 'ya'yansu suka sayar da gonakinsu don biyan kuɗin fansa sun fi kowa sanin darajar kwana ɗaya ba ƙarar bindiga. Muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amma sulhu kamar yayyafin farko yake, idan ba a bi shi da shuka ba ƙasa za ta sake bushewa. Abin da zai riƙe shi sai an rubuta shi a kasafin kuɗi, an kuma fitar da kuɗin: makarantun da aka rufe a buɗe su da malamai, 'ya'yan Fulani da na Hausawa su samu aji, waɗanda suka gudu su koma gonakinsu, a gyara burtali da mashaya, zawarawa da marayu a san da zamansu. Shi gwamna ba baƙo ba ne a wannan magana, domin daga 2019 zuwa 2023 shi ne Sanatan Kaduna ta Tsakiya, kuma Birnin Gwari a mazaɓarsa take.

Sannan kasuwa idan ta ci, haraji ake karɓa. Kowace tirela ta shanu ko ta masara da ta tashi, an yanka mata rasit. Nawa ake tarawa a mako? Asusun wa yake shiga? Nawa ke dawowa garin? Haka nan zinariya. A 2016 gwamnan lokacin ya taɓa bugun ƙirji cewa zinariyar da ke kwance a ƙasar Birnin Gwari ta fi ta Afirka ta Kudu. Ko hakan ne ko ba hakan ba, samarinmu dai sun san ramukan da suke shiga, kuma sun san ba a garinsu ribar ke kwana ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a kasuwa cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa. Saboda haka tambayar mai mulki inda ya kai abin da ya karɓa daga hannun talaka gadonmu ne, ba rashin kunya ba ne.

AIKIN DA KE GABANMU

'Yan'uwa matasa, mun iya zama a majalisa bayan la'asar mu yi ta Allah-wadai har magariba. Wannan bai taɓa gina ko kwalbati ɗaya ba. Mu da Allah Ya ba damar yin sakandare muka iya karanta boko, akwai nauyin da ke kanmu wanda ba ya kan iyayenmu.

Mu san yadda abin yake tafiya. Kusan ƙarshen kowace shekara gwamna ke kai kasafin shekara mai zuwa majalisa, kwamitoci su duba, a amince, ya sa hannu ya zama doka. Kasafin kashi biyu ne: kuɗin yau da kullum, wato albashi da mai da tafiye-tafiye da hidimar ofis, da kuma kuɗin manyan ayyuka, wato hanya da aji da asibiti da rijiya. Na 2025 ya kai Naira biliyan 790. Amma a kula, rubuta aiki a kasafi daban, fitar da kuɗinsa daban, yin aikin kuma daban. Tsakanin waɗannan matakai uku ne haƙƙin talaka ke ɓacewa. Jihar tana sa kasafinta a intanet, tana kuma fitar da rahoton abin da aka kashe duk bayan wata uku. Wayar da muke kallon ƙwallo da ita za ta iya buɗe waɗannan takardu.

Birnin Gwari mazaɓu 11 gare ta. Idan a kowace mazaɓa aka samu samari biyar masu gaskiya suka ɗauki kasafin jiha da na ƙaramar hukuma, suka tsamo duk layin da aka ambaci garinsu, suka rubuta a littafi, sannan suka taka da ƙafa suka je wurin, to an fara aiki. An ce an gina aji biyu, ga su ko babu? An ce an gyara asibiti, akwai ma'aikaci a ciki? Malamai nawa ke cikin rajista, nawa ke zuwa? A rubuta rana, a ɗauki hoto, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa a rubuce, a riƙe kwafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ta kuma ba ofis kwana 7 ya ba da amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi.

Haka nan ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamnoni su cire hannu. Duk wata ana buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya. To shugaban ƙaramar hukuma ya fito ya faɗa wa jama'a: nawa aka rubuta da sunan Birnin Gwari, nawa ya shigo hannunsa, me ya yi da shi. Idan an tare kuɗin a sama ne ya faɗa, idan sun iso ne ya nuna aiki.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Kada mu faɗi abin da ba mu gani ba, domin ƙarya ɗaya za ta rushe gaskiya ɗari. Kada mu yarda wani ɗan siyasa ya mayar da mu sandar dukan abokin hamayyarsa, ya sallame mu da kuɗin mai. Kada mu ɗauki zagi da jifa a matsayin jarunta. Kuma idan muka ga an yi aiki mai kyau mu faɗa, ko wane ne ya yi shi, saboda adalcin da muke nema a wurin wasu dole a same shi a wurinmu.

Ga masu riƙe da madafun iko kuwa, nasiharmu gajeriya ce. Dukiyar da ke hannunku amana ce, masu ita suna Kutemeshi da Gayam da Kazage, da yawansu ba su taɓa taka ƙofar Gidan Sir Kashim ba. Mai binciken kuɗi na gwamnati ana iya ɓoye masa fayil, kwamitin majalisa ana iya lallashinsa, amma akwai ranar da za a buɗe littafin da ba a goge komai a cikinsa ba, kuma a ranar ba mai cewa wannan hanya ta tarayya ce.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa, mu kuma Ya ba mu ƙarfin zuciyar tambayar haƙƙinmu ta hanyar da ta dace.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.